Littafin Kwamfuta a Gafakar Malam Bunu

Duk wanda ya san Gafasa ya san Malam Bunu, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan mai tabon tawada a ɗan yatsa, wanda in ya zo wucewa ta gaban shagonka ya ga rubutun allonka ya karkace, sai ya ja ya tsaya ya yi tsaki, kai da shagonka, kai da allonka. Ba faɗa gare shi ba, Allah ya sani. Ido ne kawai aka yi masa wanda ba ya iya kallon karkataccen abu ya wuce. Yanzu kam idon ya gaji, shi ma mai idon ya gaji, tsakin ma ba kullum yake samun ƙarfin yin sa ba.

Kakansa ne ya taso daga gabas da jakai da kanwa, ya yada zango a Gafasa da niyyar kwana uku, aka ba shi gona, shi ke nan tafiya ta ƙare. Mahaifinsa kuwa, Goni Muhyiddeen, marubucin Alƙur'ani ne da hannu, daga kai yake sauke shi a takarda ba tare da ya duba wani ba. A gabansa Bunu ya tashi. Tun bai iya ɗaura wando da kyau ba ya iya feƙe alƙalamin kara, ya iya dafa tawada da ƙaro, ya san yadda ake ɗora falle a kan kwalin nan da aka ɗaura wa zare a danna shi da tafin hannu don sawun saɗara ya fito. Zaren kwance suna da yawa, na tsaye kuwa biyu ne rak, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma su ne iyakar duniya. Goni bai cika magana ba, amma a kan wannan ya sha faɗa masa cewa saɗara sahun salla ce, ba wadda za ta shige ciki, ba wadda za ta leƙo waje. Akwai ranar da Bunu ya kawo masa fallen da ya kwana biyu yana yi, babu kuskuren harafi ko ɗaya, sai dai saɗara guda ta fara da ɗan shiga ciki, bai fi faɗin ƙwayar gero biyu ba. Goni ya ajiye fallen gefe, ya miƙo masa sabo, bai ce komai ba. Yau shekara hamsin da wani abu, Bunu bai manta da shirun nan ba.

Sai dai sana'ar da aka horar da shi a kanta ba ta jira shi ba. Kafin ya kai ƙarfi bugu na inji ya cika kasuwa, masu neman rubutun hannu suka ragu, suka koma sai jefi-jefi. Allah ya taimake shi ya ɗan leƙa firamare, don haka ya juya hannunsa ya koyi jan boko daga hagu, ya kuwa iya shi fiye da malaman da suka koya masa. Ya yi shekaru shi ke rubuta sunayen ɗalibai a takardun shaida na makarantun Ajingi, shi ke katin biki, shi ke allon shaguna har cikin Gaya. Daga nan shagunan kwamfuta suka buɗe. Wata shekara ya shirya alƙalumansa ya tafi wata makaranta kamar yadda ya saba, hedimasta ya tare shi da fara'a har da kawo ruwa, ya yi ta kewaye-kewaye, can ya fito da takardun an riga an buga su da sunaye a jiki. Bunu ya duba, ya ga rubutun a miƙe yake sarai, ko abin yi wa tsaki bai samu ba. Wannan ya fi komai yi masa ciwo. Ya dawo gida ya rataye gafakarsa ta fata a ƙusa, ya koma gona gaba ɗaya: gero, gyaɗa, ɗan riɗi a gefe. Noma bai taɓa shiga ransa ba, yi kawai yake don gida ya ci.

'Ya'yansa maza duk sun watse, wannan yana Kano yana jan babur, wancan yana kasuwar hatsi, babu wanda ya taɓa tambayarsa yadda ake riƙe alƙalami. Muhsina ce kaɗai, autarsa, ta ɗauko hannunsa da kuma taurin kansa. Ta gama sakandare ta zauna shekara uku tana koyar da yara a Islamiyyar unguwa. Ana nan sai aka turo wata 'yar Kano, Malama Khaula, bautar ƙasa a wata makaranta a Ajingi, ta riƙa tara 'yan mata ranar Asabar tana yi musu bayanin yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni ta bi, da wani harshe da ake kira Python. Bayani ne na baki kawai, don kwamfutocin makarantar suna cikin kwalayensu, wuta ba ta taɓa zuwa ajin ba. Sauran 'yan matan suka yi Asabar biyu suka gudu. Muhsina ta liƙe.

Ita Malama Khaula ce ta kawo labarin cewa wata ƙungiya za ta yi jarrabawa a Gaya da kaka, za a ɗebi mutum goma daga Gaya da Ajingi a kai su Kano horo na wata shida, kowa da kwamfutarsa ta hannu kyauta. Mutum goma, ba ƙari. Muhsina ta sa abin nan a ranta har ta rame. To amma da me za ta koya? An ce akwai darussa birjik a intanet, akwai bidiyo, akwai littattafai na waya. Duk gaskiya ne, amma ga wanda ke da babbar waya da sabis. Wayarta 'yar ƙarama ce mai madannai, sabis kuma a unguwarsu sai ka hau tudun bayan masallaci ka ɗaga hannu kamar mai kiran mota. Malamar ta ga haka ta ba ta aron littafinta guda ɗaya tilo, mai kauri, shafi ɗari biyu da tamanin, da sharaɗin a dawo mata da shi kafin sati shida, ranar da za ta gama hidimarta ta tafi.

Da yamma Muhsina ta shigo da shi, ta durƙusa gaban mahaifinta, ta ce tana neman izini gobe ta kai shi Gaya a ɗauki hotonsa a inji. Bunu ya karɓi littafin ya juya shi, ya auna nauyinsa a hannu.

“A gidan Goni za a ɗauki littafi a kai wa inji ya kwafa? Ina raye?”

Ta ce ai don idonsa ne take gudu. Ya Fanta, matarsa, ita ma ta sa baki daga bakin murhu, ta tuna masa cewa likita ya ce yanar ido ta fara rufe masa na hagu, ta ce Malam ka bar wa inji wahalarsa. Ya ce hoton inji shekara biyu yake yi ya koɗe, tawadarsa kuwa ga rubutun mahaifinsa nan har yau kamar jiya aka yi. Wannan hujjar da ya faɗa ke nan. Wadda bai faɗa ba ita ce, shekara goma sha biyu rabon da wani ya buƙaci hannunsa, ga shi yau abin da ya kore shi daga sana'a ya biyo shi har gida yana neman a kwafe shi. Ya sauko da gafakar daga ƙusa, ya kaɗe ta, ya shige ɗakinsa na zaure da littafin. Tun daga ranar Muhsina ba ta ƙara riƙe shi a hannunta ba sai ranar mayarwa.

Da ya buɗe da safe, shafukan farko ba su ba shi haushi ba. Amma da ya yi nisa sai ya fara cin karo da abin mamaki. Bayanin Turancin a miƙe yake, gefensa sumul. Amma duk inda aka zo wurin umarnin da ake rubuta wa kwamfutar, sai saɗarori su rikice: ta farko ta tsaya a gefe, ta biyu ta shige ciki, ta uku ta ƙara shigewa, ta huɗu ta dawo baya, kamar matakalar da magini ya yi yana gyangyaɗi. Ya duba gaba, haka. Ya duba ƙarshe, abin ma ya fi muni. Ya yi tsaki irin wanda ya daɗe bai yi ba, har da jin daɗi a ciki. Ashe dai injin nan da aka kore shi dominsa ko sahu bai iya tsayarwa ba. Ya ce a ransa, ba komai, littafi ya zo hannun masu shi, za a gyara masa zama.

Kada wani ya ce Malam Bunu ya yi sakaci. Wallahi bai yi ba. Turancinsa bai wuce na gaisuwa da karanta allon hanya ba, amma marubuci ba sai ya san ma'ana yake tsare amana ba. Kowane harafi, kowane ɗigo, kowace baka da ta buɗe sai ya bi ta ya ga inda ta rufe. Bayani ya yi shi da baƙar tawada, umarni da ja, don mai karatu ya bambance. Yana zama daga an idar da asuba gari ya yi haske har rana ta take, ya huta, ya koma bayan la'asar har hasken ya gaza. Bazara ce, zafi kamar ya narka mutum, gumi na ɗiga yana tare shi da tsumma kada ya faɗa kan falle. Sharar gona ta wuce shi, maƙwabta suka gama kai taki shi ko rabi bai kai ba. Idon hagun ya riƙa zubar da ruwa, ya koma ɗaure shi da ƙyalle yana aiki da na dama. Ya Fanta ta yi mitar har ta gaji ta koma kawo masa kunu ta ajiye ta fita.

Kuma bai yarda da kansa shi kaɗai ba, ya bi ƙa'idar gidan. A wurin marubuta, kwafi ba ya zama kwafi sai an yi muƙabala, wato ɗaya ya riƙe asali, ɗaya ya karanta sabon da ƙarfi, a ji ko sun dace. Duk babin da ya gama, sai ya kira Muhsina ta zauna a bakin ƙofa da fallayen, shi yana ciki da littafin a kan cinya, tana karantowa harafi-harafi, ɗigo-ɗigo, yana bi da yatsa. Sau uku suka bi kowane babi. Kuskure bakwai suka kama a littafin gaba ɗaya, ya gyara su. Shigar saɗara ciki kuwa ba a karanta ta da baki, don haka kunne bai taɓa jin ta ɓace ba.

Ya gama saura kwana ɗaya. Muhsina ta ruga da littafin tashar Ajingi, ta iske Malama Khaula har ta shiga mota, ta miƙa mata ta taga, suka yi sallama a gurguje. Kwafin kuwa Bunu ya yi masa bango na kwali, ya zura shi a gafakar mahaifinsa, ya miƙa wa 'yarsa da hannu biyu. Mutanen unguwa suka riƙa shigowa kallo. Liman ya juya fallayen ya ce bai san abin da ke ciki ba amma ya san hannun Goni bai mutu ba. Ranar Bunu ya ci tuwo har da ƙari.

Sau ɗaya Muhsina ta samu zuwa Gaya kafin ruwa ya sauka. Ta shiga shagon wani Sagiru mai kwamfutoci uku da janareta, ta zauna rabin awa ta gwada abin da ke babin farko. Ta rubuta umarni a saɗara ɗaya, kwamfuta ta amsa. Ta ba ta lissafi, ta yi. Ta sa ta gaishe ta da sunanta, ta gaishe ta. Babin farko duk umarninsa gajeru ne, saɗara ɗaya-ɗaya, ko a littafin asali ma a gefe suke tsaye. Ta dawo gida tana haki don murna, ta ce Baba komai ya yi daidai. Bunu ya ce to da me take tsammani.

Damina ta kankama, hanya ta lalace, aikin gida da na Islamiyya suka riƙe ta. Ta koma wa hanyar da ta sani, wato hadda. Tana tankaɗe tana bita, tana wanke-wanke tana bita, ta samu tsohon allonta tana rubuta umarnin da ka ta wanke ta sake. In Bunu ya dawo daga gona a gajiye, ya miƙe ƙafa a zaure, sai ta kawo masa tilawa. Bai san ma'anar ko kalma ɗaya ba, amma in ta tsallake ɗigo biyun nan da ke ƙarshen wasu saɗarori sai ya ɗaga yatsa, ta koma. In ta kawo masa allo ya ga gefen ya ɗan karkace ya ce ta wanke. Gonar a shekarar ba ta yi abin kirki ba saboda makarar da ya yi, bai damu ba. Yana ganin abin da ya shuka a zaure ya fi.

Ranar jarrabawa Bunu ya ce da shi za a je. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, suka shiga motar Gaya da sassafe, gafakar na rataye a kafaɗar Muhsina. A harabar wata makaranta aka yi, an kawo kwamfutoci an jera a babban aji, janareta na ruri a baya. Matasa sun fi saba'in, da yawansu da manyan wayoyi suna ta Turanci. Aka shiga da su rukuni-rukuni. Bunu ya samu inuwar darbejiya ya shimfiɗa buzunsa, ya ciro carbi. Ya ji kansa a natse. Yarinyar da ta haddace littafi tun daga bango har bango, wa zai tsaya gabanta?

Rana ta take sannan rukuninsu ya fito. Ya hango ta da idonsa mai gani, tana tafe a hankali, bayanta wani mutum mai kimanin shekara arba'in da katin aiki a wuya, riƙe da fallayen a hannu. Mutumin ya cire takalmi ya tsuguna ya gaishe shi, ya ce sunansa Injiniya Abba, shi ke kula da jarrabawar. Ya ce ya ga abin da ya ɗaure masa kai ne a ciki, shi ya sa bayan an tashi ya nemi ganin littafin da ta yi karatu da shi.

“Baba, wa ya yi wannan rubutun?”

“Ni ne,” in ji Bunu, ya gyara zama.

Injiniyan ya ce tun da yake bai taɓa ganin rubutu mai kyan wannan ba, kuma daga muryarsa ka san ba daɗin baki yake yi ba. Sannan ya shafa kai. Ya ce yarinyar nan ta fi kowa a ajin saurin rubuta amsa, ba ta ko tsayawa tunani. Amma yana tsaye a bayanta ya ga duk lokacin da ta gama saɗara mai ɗigo biyu ta sauko, kwamfutar da kanta takan tura mata sabuwar saɗarar ciki, ita kuma sai ta goge filin ta jawo ta gefe. Ta yi haka ya fi sau talatin. Kwamfutar ta yi ta ƙin karɓa, ita kuma ta yi ta duba haruffa tana neman kuskuren da babu shi, har lokaci ya cika.

Bunu ya ce ai daidai ta yi, shi ma haka ya iske littafin a hargitse ya daidaita shi.

Injiniyan ya tsinci tsinke ya yi zane a ƙasa. Ya ce a ɗauka mai gida ya bar wa ma'aikaci saƙo: kowane buhu, ka auna shi, ka ɗinke bakinsa, sannan ka kulle rumbu. Awo da ɗinki na kowane buhu ne, kulle rumbu kuwa sau ɗaya ne a ƙarshe. Mutum zai gane da hankalinsa. Kwamfuta ba ta da hankali, a wannan harshen da shigar saɗara take ganewa: wadda ta shiga ciki tana ƙarƙashin ta samanta, wadda ta dawo gefe ta fita daga ƙarƙashinta. In aka jera su duka a sahu ɗaya, ba ta san wa ke ƙarƙashin wa ba, sai ta tsaya cik.

Bunu ya daɗe yana kallon zanen.

“Wato ba kuskuren masu bugu ba ne.”

“A'a, Baba. Da gangan ne. Rabin karatun a nan yake.”

Bunu ya sunkuyar da kai. Bai ji kunyar injiniyan ba, bai ji ta mutanen da suka fara taruwa ba. Muhsina ce ya kasa ɗaga ido ya kalla. Sai ya roƙa, shi da bai saba roƙo ba, ya ce laifin nasa ne, a ba ta ko rabin awa ta sake yanzu da ta sani. Injiniyan ya ce da a hannunsa abin yake da ya yi, amma sakamakon ya riga ya tafi ta na'ura tun da aka tashi, ba shi ke zaɓe ba. Ya ce wataƙila baɗi a sake, in an samu masu ɗaukar nauyi. Ya karɓi lambar Muhsina ya ce zai turo mata littafi ta waya, da ya ga wayar sai ya ce to zai duba yadda za a yi. Mutumin kirki ne, amma har yau ana dubawa.

Suka shiga mota suka kamo hanyar gida. Da suka sauka ta karɓi buzunsa ta riƙe masa kamar kullum, ta ce Baba Allah bai nufa ba ne. Da ta yi kuka ko ta yi fushi da ya fi masa sauƙi. Sati ya zagayo aka kafe sunaye goma, babu nata. Suka nemi Malama Khaula a waya ko za a sake samun aron littafin, layin a kashe, aka ce ta yi aure ta bar ƙasar Kano. A shagon Sagiru babu irin littafin, wanda suka tambaya a Gaya kuma ya ce sai dai Kano, Kanon ma sai an bincika. Bunu ya daina shiga ɗakin zaure. Ya riƙa fita gona tun da sassafe yana yankan ɗan riɗin da ya samu, ya dawo ya kwanta da ƙyalle a ido. Ya Fanta, wadda ta fi kowa haƙƙin cewa ai na faɗa, ba ta ce ba. Ta dai ce masa wata rana, Malam ka ci abinci, yarinyar nan tana kallonka.

Bayan kamar sati uku, da hantsi, yana zaune yana gyaran igiyar ɗaurin riɗi, Muhsina ta zo ta durƙusa da gafakar da fensir a hannu. Ta ce ta yi tunani. Haruffan duk suna nan, ba abin da ya ɓace sai wurin tsayuwar kowace saɗara. In ta bi ma'anar a hankali, wataƙila ta gano wadda ke ƙarƙashin wata, ta sa alama, in ta samu zuwa Gaya ta gwada. Amma sai ta yi zane a kan rubutunsa, shi ya sa ta zo neman izini. Ta san tun da aka haife ta ba wanda ya taɓa ɗora alƙalami a kan fallen da ya gama.

Bunu ya ajiye igiyar. Ya tashi ya shiga ɗakin da ya ƙaurace wa, ya fito da kurtun jar tawada da alƙalaminsa, ya ajiye a gabanta.

“Ba da fensir ba. In za a gyara, a gyara yadda kowa zai gani.”

Ta buɗe babi na huɗu ta fara. Yana jin ƙarar alƙalamin a kan takarda, bai kalla ba. Ta yi shafi ɗaya, ta yi na biyu, tana jan 'yan kibiyoyi a gaban saɗarori. A na uku ta tsaya. Ta karanta, ta sake karantawa, ta ce wannan ta kasa, ko ta ina aka ɗauke ta tana ba da ma'ana, amma ma'anar ba ɗaya ba ce. Sai ta ɗago.

“Baba, kai ka ga na asalin. Wannan sau ɗaya ta shiga ko sau biyu?”

Gaskiya ta faɗa. Duk Gafasa shi kaɗai ya ga matakalar nan, sati shida yana kallonta, kuma shi mutum ne da in ya rubuta shafi sau ɗaya yakan zauna masa a ka. Ya karɓi fallen ya kawo shi kusa da idon dama. Sannan ya rufe ido ya kira shafin yadda mahaifinsa ya koya masa kiran shafi. Shafin ya zo kuwa, babu harafin da ya ɓace, har ɗan tabon da ke kusurwar ƙasa ya gani. Amma saɗarorin a miƙe suka zo, sahu guda, yadda ya tsayar da su. Ya sake kira, ya matse ido har ruwa ya gangaro daga na hagun. Haka suka sake zuwa.

“Ban sani ba, Auta,” ya ce. “Na gan ta, amma ban duba ba.”

Ta karɓi fallen, ta sa ɗan ɗigo ja a gefen saɗarar don ta tuna ta gwada duka biyun a Gaya, ta wuce ta gaba. Shi kuma ya ɗauki igiyarsa da lauje ya nufi gona, don riɗin da ya rage in ya ƙara kwana biyu zubewa zai yi.